Yadda ake zaɓen faifan “Lokutan Shekara Huɗu” na Vivaldi

Duk wanda ya taɓa rubuta sunan Vivaldi a YouTube ko Spotify da niyyar sauraron kiɗansa da ya fi shahara, wato Le quattro stagioni, ma'ana Lokutan Shekara Huɗu, ya san ruɗanin da ke biyo baya. Ɗaruruwan faya-fayai ne za su jeru a gabansa, kowanne da hoton bangonsa da sunan mai gogensa, alhali dukkansu kiɗa ɗaya suke ɗauke da shi. Dalilin wannan yawa shi ne, Antonio Vivaldi, mai tsara kiɗan, wanda aka haifa a birnin Benis na Italiya a 1678, ya rasu a Biyana a 1741, fiye da shekara ɗari kafin a ƙirƙiro na'urar ɗaukar sauti. Abin da ya bari rubutu ne a takarda, kuma rubutun bai fayyace komai da komai ba: bai ƙayyade yawan makaɗa ba, bai auna saurin kiɗan da agogo ba, sannan ya bar wa mai goge damar ƙara ado daga kansa kamar yadda al'adar zamanin Barok, wato zamanin kiɗan Turai da ya rayu a ciki, ta tanada. Saboda haka kowace tawaga da ta shiga ɗakin ɗaukar sauti sai ta yanke wa kanta hukunci a kan waɗannan abubuwa, shi ya sa faifai biyu kan bambanta har mutum ya yi shakkar ko kiɗa ɗaya ne. Hanyar da zan shimfiɗa a nan ba ta buƙatar sanin karatun alamomin kiɗa, kunne da haƙuri da sa'a biyu ko uku kawai take nema.

Mataki na farko shi ne ka san labarin da kiɗan yake bayarwa, domin da shi za ka auna kowane faifai. An buga aikin a Amsterdam a 1725, a matsayin huɗun farko na wani kundi mai kwanceto goma sha biyu. Kwanceto kuwa kiɗa ne da makaɗi guda yake jan gaba sauran tawaga suna amsa masa, a nan mai jan gaban shi ne mai biyolin, gogen Turawa mai tsirkiya huɗu. Kowane kwanceto yana da kashi uku, na farko mai sauri, na tsakiya mai natsuwa, na ƙarshe mai sauri, don haka a faifai za ka ga zango goma sha biyu, waɗanda gaba ɗayansu kan ɗauki kimanin minti arba'in. Kowane lokaci na shekara yana tafe da gajeruwar rubutacciyar waƙa da harshen Italiyanci, kuma an sanya baitocinta a daidai wuraren da suka dace cikin rubutun kiɗan, ta yadda makaɗi ya san cewa a nan tsuntsaye ke kuka, a can kuma aradu ce ta faɗi.

Lokutan na Turai ne, kuma ba su hau daidai kan namu ba, shi ya sa ya fi kyau ka riƙe sunayensu na Italiyanci da za ka gani a jikin faifan. La primavera shi ne lokacin da sanyi ya wuce tsirrai suka fara toho, kuma a cikinsa akwai kukan tsuntsaye, da gudun ƙorama, da makiyayin awaki da ke barci karensa na haushi a gefe, sai rawar makiyaya a ƙarshe. L'estate lokacin zafi ne mai kashe jiki, inda ƙudaje ke damun makiyayi, hadari yana haɗuwa daga nesa, har ya ɓarke da iska da ƙanƙara. Wanda ya san zafin ƙarshen bazara a ƙasar Hausa, lokacin da gari ya yi tsit ana jiran ruwan farko, zai gane wannan kashi ba tare da an yi masa bayani ba. L'autunno kaka ce, da bikin girbin manoma, da mashayan da barci ya kwashe, da fitar mafarauta da asuba. L'inverno kuwa tsananin sanyi ne na ƙanƙara, da karkarwar jiki, da haƙora suna haɗuwa, da zama kusa da wuta ana ruwa a waje, da tafiya a kan ƙanƙara mai santsi. Ka nemi fassarar waɗannan baitoci da duk harshen da kake ji ka karanta sau ɗaya kafin ka ci gaba.

Mataki na biyu gajere ne: ka tace abin da ba shi kake nema ba. A 2012 Max Richter ya fitar da wani faifai da ya sake gina kiɗan Vivaldi bisa nasa salon, tare da mai goge Daniel Hope, kuma yana yawan fitowa a sahun gaba idan aka yi bincike. Aiki ne mai zaman kansa, ka ajiye shi sai ka san asalin. Haka kuma akwai Lokutan Shekara na Astor Piazzolla ɗan ƙasar Ajantina, wanda akan haɗa shi da na Vivaldi a faifai guda. Sannan ka guji duk abin da aka ɗora ba tare da sunan mai goge da sunan tawaga da shekarar ɗauka ba, domin abin da ba ka san wanda ya kaɗa shi ba, ba za ka iya kwatanta shi da wani ba, ba kuma za ka iya sake nemo shi ba idan ya ɓace.

Mataki na uku shi ne ka gane cewa faya-fayan sun kasu gida biyu manya, kuma wannan rabuwa ta fi sunan kowane mai goge tasiri a kan abin da kunnenka zai ji. Gida na farko na masu amfani da kayan kiɗa na zamani ne. Gogensu yana da tsirkiyar ƙarfe ko ta roba da aka naɗe da ƙarfe, bakan gugarsu dogo ne mai nauyi, kuma sun saba girgiza yatsa a kan tsirkiya kusan a kowane amo domin sautin ya yi kauri da zaƙi. Gida na biyu na masu komawa ga kayan zamanin Vivaldi ne ko kwaikwayonsu: tsirkiyar hanjin dabba, baka gajere mara nauyi, girgiza yatsa sai inda ake son ado, makaɗa kaɗan, da sauti mai kaifi wanda kowace murya take fita daban. Da yawa daga cikinsu suna ɗaure tsirkiyarsu ƙasa kaɗan, inda amon da ake daidaita kayan kiɗa da shi yake kaɗawa sau 415 a daƙiƙa maimakon 440 na zamani. Idan ka tashi daga wani faifai zuwa wani ka ji kamar kiɗan ya sauka da rabin mataki, wannan ne dalili, na'urarka lafiyarta ƙalau.

Akwai kuma makaɗan da ke riƙe gindin kiɗan, waɗanda Italiyawa ke kira basso continuo. Vivaldi ya rubuta musu layin ƙasa ne kawai da 'yan lambobi, sauran su ke cikewa da kansu. Wata tawaga takan yi amfani da hafsikod, mai maɓallai kamar fiyano amma yana tsinkar tsirkiya maimakon dukanta, wata ta ƙara ƙaramin ogan, wata kuma ta kawo tiyoba, wadda dangin molo ce mai dogon wuya da tsirkiya masu yawa. Wannan zaɓi yana sauya launin kiɗan sosai, kuma mutane da yawa suna jin bambancin ba tare da sun san daga inda ya fito ba.

Mataki na huɗu shi ne ka ware faifai huɗu ko biyar da za ka gwada, kada su wuce haka, domin kunne yana gajiya. Daga gidan kayan zamani, tawagar I Musici ta birnin Rum tare da Felix Ayo, a ɗaukar 1959, tana wakiltar salon da ya fara shigar da wannan kiɗa gidajen jama'a: tafiya a hankali, sauti mai ɗumi, ba gaggawa. Ɗaukar Neville Marriner da Academy of St Martin in the Fields ta 1969, da Alan Loveday a kan goge, ta fi ta kuzari da wasa, kuma har yanzu tana cikin waɗanda nake ganin ba su tsufa ba. Anne-Sophie Mutter ta ɗauka da Herbert von Karajan da makaɗan Biyana a 1984 da sauti mai faɗi irin na babbar tawaga, sannan ta sake ɗauka a 1999 da Trondheim Soloists cikin salo mai 'yanci da yawa. Faifan Nigel Kennedy da English Chamber Orchestra, wanda ya fito a 1989 aka sayar da fiye da kwafi miliyan biyu, yana da zafi da ƙare-ƙaren da wasu ke so wasu ke ƙi. Janine Jansen kuwa, a 2004, ta ɗauka da 'yar ƙaramar tawaga mai makaɗi ɗaya ga kowace murya, wadda mahaifinta da ɗan'uwanta suke ciki, don haka faifanta yana tsakanin gidajen biyu.

Daga gidan kayan da, Nikolaus Harnoncourt da Concentus Musicus na Biyana, da matarsa Alice Harnoncourt a kan goge, sun ɗauka a 1977 da kaushin da ya girgiza masu sauraro na lokacin. Trevor Pinnock da The English Concert, tare da Simon Standage, sun yi ɗauka mai tsabta da daidaito a farkon shekarun 1980. Daga nan Italiyawa suka karɓe fagen: Fabio Biondi da Europa Galante a 1991, Il Giardino Armonico ƙarƙashin Giovanni Antonini da Enrico Onofri a 1993, sai Giuliano Carmignola da Venice Baroque Orchestra ƙarƙashin Andrea Marcon a 1999. Na baya-bayan nan akwai Rachel Podger da Brecon Baroque, wanda ya fito a 2018. Shawarata ga mai farawa ita ce ya ɗauki Marriner, da Pinnock, da Carmignola, da Il Giardino Armonico, ya ƙara Ayo ko Mutter ta 1984 idan yana son jin tsohon salo. Waɗannan sun yi nisa da juna ƙwarai, kuma nisan ne zai nuna maka inda zuciyarka ta karkata.

Mataki na biyar shi ne gwajin kansa, kuma a nan aikin yake. Kada ka saurari faifai ɗaya daga farko har ƙarshe sannan ka koma na biyu, domin kafin ka gama minti arba'in ka manta yadda na farko ya fara. Ka zaɓi zango ɗaya, ka saurare shi a dukkan faya-fayan a jere, ka rubuta abin da ka ji a takarda, sannan ka wuce zango na gaba. Ka daidaita ƙarfin sauti kafin kowane gwaji, domin kunnen ɗan Adam yakan ɗauki abin da ya fi ƙara a matsayin wanda ya fi kyau.

Ka fara da zango na 2, kashin tsakiya na La primavera. Mai goge yana rera barcin makiyayi, sauran gogunan suna kwaikwayon motsin ganye a hankali, biyola kuma, wadda ta ɗan fi biyolin girma da kaurin murya, tana maimaita amo biyu daga farko har ƙarshe. Wannan shi ne haushin kare, kuma Vivaldi ya rubuta a sarari cewa a kaɗa shi da ƙarfi sosai, kamar ana fizge shi. Tambayar da za ka yi wa kowane faifai ita ce, shin karen yana haushi? A tsofaffin ɗauka da yawa an lallaɓa shi har ya koma wani amo mai laushi a bayan fage, saboda makaɗan sun fi damuwa da kyawun sauti. A ɗaukar Italiyawan shekarun 1990 za ka ji shi ƙarara, wani lokaci har ya nemi ya danne barcin makiyayin. Ni na fi son inda ake jin karen sosai amma waƙar gogen ba ta rasa natsuwarta ba, kuma wannan zango shi kaɗai yakan fitar da faifai ɗaya ko biyu daga jerina.

Sai zango na 4 da na 6, farkon L'estate da ƙarshensa. A farkon akwai gajerun jimloli da shiru a tsakaninsu, kamar numfashin wanda zafi ya galabaitar. Ka lura ko makaɗan sun bar shirun ya yi nauyinsa, ko kuwa suna hanzarin cike shi. A zango na 6 hadari ne ya sauko, kuma a nan ne tawagogi suka fi yin gasar sauri. Sauri kaɗai bai isa abin yabo ba. Ka sa kunne ga gogunan ƙasa, wato celo da babban goge, ka ji ko kana iya rarrabe amonsu ɗaya bayan ɗaya, ko sun dunƙule sun zama gurnani kawai. Babbar tawaga tana ba da nauyi irin na aradu, ƙaramar tawaga mai tsirkiyar hanji tana ba da duka irin na ƙanƙara a kan kwano, kuma baitin ya ambaci duka biyun, don haka a nan zaɓi naka ne. Carmignola yana cikin waɗanda suka haɗa sauri da tsabta ba tare da ɗaya ya ci ɗaya ba.

Zango na 8, barcin mashaya a L'autunno, shi ne wurin gwada masu riƙe gindin kiɗa. Gogunan suna jan dogayen amo a hankali, an toshe muryarsu, mai hafsikod kuma aka bar masa fili ya warwatsa amonsa yadda ya ga dama. Wani yakan tsaya kan abu mai sauƙi, wani ya ƙirƙiro waƙa sukutum a kai. Idan adon ya yi yawa har ka manta cewa mutane ne ke barci, mai kaɗawar ya wuce gona da iri.

Ka rufe gwajin da zango na 10 da na 11, farkon L'inverno da tsakiyarsa. A zango na 10 muryoyi suna shigowa ɗaya bayan ɗaya da amo masu karo da juna, domin a ji karkarwar sanyi. Wasu tawagogi, irin su Il Giardino Armonico, suna guga kusa da jakin gogen don sautin ya fito a bushe kamar ana kankare ƙarfe, abin da kan firgita wanda ya saba da tsohon salo. Zango na 11 kuwa shi ne waƙar da kusan kowa ya taɓa ji ko da bai san sunanta ba: mai goge yana zaune kusa da wuta, sauran suna tsinkar tsirkiya da yatsa kamar ɗigon ruwan sama. A nan bambancin sauri ya fi fitowa fili, domin wasu suna gama shi cikin ƙasa da minti biyu, wasu suna kusantar minti uku. Masu jan shi suna mai da shi waƙar kewa, masu tafiya da shi da ɗan hanzari suna mai da shi hoton mutum mai jin daɗin ɗakinsa, wanda shi ne abin da baitin ya ce. Ka kuma lura da adon da mai goge yake ƙarawa, ko yana fitowa kamar daga cikin waƙar, ko kuwa an liƙa shi ne don nuna gwaninta.

Idan kana da aboki mai sha'awar abin, ka ba shi wayar ya riƙa kunna maka ba tare da ya faɗi sunan faifan ba. Babban suna yana rinjayar kunne fiye da yadda mutum yake zato.

Wani abu da zai iya ba ka mamaki yayin gwajin shi ne ka ji wasu amo sun bambanta ɗungurungum a faifan Biondi na 1991. Ba kuskure ya yi ba. Bayan bugun Amsterdam akwai wani kwafin rubutun hannu na waɗannan kwanceto da ke ajiye a ɗakin karatu na birnin Manchester a Ingila, wanda ya saɓa da bugun a wurare da dama, kuma shi Biondi ya bi.

Mataki na shida ya shafi ingancin ɗaukar da na'urar da kake saurare da ita. Ɗaukar Louis Kaufman ta 1947 a New York, da ta Karl Münchinger da makaɗan Stuttgart ta 1951, suna da daraja a tarihin farfaɗo da wannan kiɗa, amma sautinsu ta kafa ɗaya yake fita kuma siriri ne, don haka ba su dace su zama faifanka na farko ba. Daga ƙarshen shekarun 1950 ɗauka ta kafa biyu, hagu da dama, ta yaɗu, kuma duk abin da aka yi daga lokacin Marriner zuwa yau yana da sauti mai gamsarwa. Lasifikar waya ba ta fitar da muryar celo da babban goge, wato rabin abin da ka zo gwadawa, saboda haka ka yi amfani da abin sauraro na kunne ko da mai araha ne. Faya-fayan kayan da sukan sauka ƙasa sosai a wuraren natsuwa sannan su tashi da ƙarfi farat ɗaya, abin da ke buƙatar ɗaki mai shiru. Wanda zai fi saurare a mota ko a shago, inda ƙarar inji da hayaniyar titi ke cinye ƙananan amo, ya fi dacewa da Marriner ko Ayo, waɗanda ƙarfin sautinsu bai cika hawa da sauka ba. Idan kuɗin data abin lura ne, ka yi gwajin da zangunan nan shida kawai, sannan ka sauke faifan da ya yi nasara gaba ɗayansa da inganci mafi girma da manhajar ta bayar.

Mataki na bakwai shi ne ka ɗauki biyun da suka rage a takardarka ka saurari kowanne daga zango na 1 zuwa na 12 ba tsayawa, a ranaku daban-daban, sannan ka maimaita bayan mako guda. Akwai faifan da ke burge mutum a ji na farko saboda abubuwan ban mamaki da ke cikinsa, amma a ji na biyar ya san inda kowace fizga za ta zo, sai ta fara gundurarsa. A ganina faifan Kennedy da na Il Giardino Armonico sun fi fuskantar wannan haɗari, ko da yake na san masu sauraro da ba su taɓa gajiya da su ba. Na Pinnock kuwa akasin haka yake, bai cika ɗaukar hankali da farko ba, amma yana jure maimaici. Da za a tilasta mini riƙe ɗaya tak, na Carmignola da Marcon zan riƙe, in ajiye na Marriner kusa domin ranar da kunnena ke son sauti mai taushi.

Idan za ka sayi faifan CD ko ka biya kuɗin saukewa, ka duba abin da aka haɗa da shi, domin minti arba'in ba ya cika faifai, kuma kamfanoni sukan ƙara wasu kwanceto. Mafi amfani shi ne wanda ya ƙunshi dukkan kundin 1725, mai suna Il cimento dell'armonia e dell'inventione, inda za ka sami sauran takwas ɗin, ciki har da La tempesta di mare mai siffanta guguwar teku da La caccia mai siffanta farauta. Biondi ya ɗauki kundin gaba ɗaya a karo na biyu da ya koma wa wannan kiɗa, a farkon shekarun 2000. Ka kuma tabbatar da shekarar ɗauka a bayan kwalin ko a bayanan manhajar, domin Ayo da Standage da Mutter da Biondi da Carmignola duk sun ɗauki Lokutan Shekara Huɗu fiye da sau ɗaya, kuma shekarar da manhaja take nunawa sau da yawa ta sake fitarwa ce, ba ta ainihin ɗaukar ba.